Kwafin Baba Uku da Nawa Ɗaya

Akwai wata ranar Alhamis da ko na tsufa na fara neman carbina alhali yana hannuna, ba na jin zan manta da ita. Ina aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin, muna zaune a Kurmin Mashi. Na dawo daga makaranta bayan azahar, abin da na fara gani da na shigo tsakar gida shi ne lulluɓin kwamfutar Baba a ƙasa, a bakin ƙofar ɗakinsa, kazar Mama tana tafiya a kai. Wani farin ƙyalle ne da aka yi wa ado da koren zare a gefe. Tun da aka kawo kwamfutar gidanmu ban taɓa ganin ƙyallen nan ya taɓa ƙasa ba. In Baba zai yi aiki, ninke shi yake yi gida huɗu ya ɗora a kan durowa. Shi ya sa tun kafin in sauke jakata na san ba lafiya.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, a ɗakin ajiyar fayil ya yi duk rayuwar aikinsa. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, kuma duk baƙon da ya sha shayi a gidanmu ya ji shi: shekara talatin da biyar, fayil bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Litinin mai zuwa zai miƙa aiki ya yi ritaya. Abin da zai miƙa wa magajinsa kuwa wani dogon jeri ne na duk fayilolin da ke ɗakin ajiyar, kowanne da lambarsa da kantar da yake kai da wanda ya karɓe shi a ƙarshe. Shekara biyu yana haɗa shi. Yakan rubuto a gutsattsarin takardu daga ofis, ya zo gida ya zauna ya buga da yatsa biyu. Har ya sayo takarda ya ajiye, ranar Asabar zai fitar da shi a firinta.

Na leƙa ɗakin. Baba yana tsaye da kayan ofis, kwamfutar tana kunne amma fuskarta baƙa, sai wani ɗan rubutu fari a sama. Daga cikin akwatinta wata ƙara ke fitowa, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera ya sami busasshen ƙanzo. Na san ƙarar nan. Mako guda ina jin ta a hankali in na wuce ta bakin taga, na kuma yi niyyar faɗa sau uku. Amma ni a lokacin ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin ta fito.

Mama ta riga ta kira ƙaninta, wanda ke da shagon gyaran kwamfuta a Rigasa. Bayan la'asar sai ga Kawu a kan babur da jakar kayan aiki. Shi da Baba abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Yallaɓai, an ce amaryar ta yi yaji," in ji Kawu yana cire takalmi.

"Injiniya, shigo ka yi abin da ya kawo ka."

Kawu ya kwance murfin akwatin, ya kara kunne, ya kashe ya kunna, ya ciro wani abu mai kama da ƙaramin gwangwanin kifi ya jona shi a tasa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Sai haƙuri. Rumbun ya mutu."

"Wane rumbu?"

"Faifan da take ajiye komai a ciki. Tsufa ne, ba wanda ya yi masa komai."

Baba bai girgiza ba ko kaɗan. Ya ce, "To ɗauko mini kwafi na biyu."

A nan ya kamata in yi bayani. A aikin su Baba, takarda ɗaya ba takarda ba ce, komai kwafi uku ake yi. Da ya sami kwamfuta sai ya ɗauko wannan tarbiyya ya kawo mata. Ya buɗe folda uku, ya sa musu suna Kwafi Na Ɗaya, Kwafi Na Biyu, Kwafi Na Uku. Duk ranar da ya gama aiki sai ya zuba a kowacce, ya rufe, ya lulluɓe, ya kwanta hankalinsa kwance.

"Yana ina, na biyun?" in ji Kawu.

"A ciki."

"Na ukun fa?"

"Shi ma yana ciki, kusa da na biyu."

Kawu ya dafa goshi. "Yallaɓai, ai makulli uku ka yanko, ka zuba su a ɗaki, ka ja ƙofar ta kulle kanta."

Ya fara dariya, amma da ya ɗaga kai ya ga fuskar Baba sai ya haɗiye sauran. Ya gyara murya ya ce zai iya sa sabon faifai gobe, kwamfutar ta tashi, sai dai za ta tashi ne kamar jariri, ba ta san kowa ba. Tsohuwar manhajar da Baba yake buga jerin da ita ma bai san inda zai samo ta ba. Firintar kuwa, ya nuna ni da haɓa, ta girme ni, kuma faifan da ke koya wa kwamfuta magana da ita ya ɓata tun ƙaurarmu.

Baba ya juya wajen Mama, wadda ke tsaye a bakin ƙofa. "Hajiya, takardun nan da nake ba ki ki ajiye."

"Ki ajiye ka ce, ko ki yi amfani da su? Da su na hura gawayi duk azumin bana. Kai ka ce mini kwafi uku gare ka."

Baba ya zauna a bakin gado, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin ya cire hula a gaban baƙo ba, ko da Kawu ne. A hankali ya ce, kamar da hular yake magana, "Shekara talatin da biyar. Sai a bakin ƙofar fita."

Ni kuwa ina raɓe a jikin bango, alhali na san abin da duk ɗakin ba wanda ya sani.

Yayata, babbarmu, kwamfuta ta karanta. Kafin ta tafi bautar ƙasa ta yi ta fama da Baba a kan kwafinsa uku. Ta ce masa duk a ɗaki ɗaya suke. Ya ce a ofis ma a ɗaki ɗaya suke, me ya same su? Ta ce a bar ta ta jona faifan waje ta ɗauki kwafi. Ya ce ba a sa wa kwamfutarsa baƙon abu, don ya ga yadda filas ɗaya, ɗan tsinken nan na ɗaukar bayanai, ya lalata kwamfutocin wani ofis gaba ɗaya. Ya kafa doka: ba mai taɓa ta, ba mai jona mata komai. Sharar ɗakin da goge ƙura kawai aka bar mini, ranar Asabar, in ya tafi duba gonarsa a Katabu.

Yaya ba ta sake musu ba. Wata Asabar, ƙurar motar Baba ba ta gama kwanciya ba ta ja ni ɗakin. Ta ciro wani ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannu ba, da igiyarsa.

"Kin ga in kika kwafi takardu kawai, kamar kin kwashe kayan sawa daga ɗaki ne," ta ce. "Wannan kuwa ɗakin gaba ɗaya yake ɗauka. Gado, labule, ƙusar da ke bango, har yadda aka jera kwanuka. In ɗakin ya rushe, sai a mayar da shi yadda yake ranar da aka ɗauka."

"Ranar da aka ɗauka?"

"Ranar kawai. Shi ya sa duk mako ake yi. Kuma in kin gama ki cire shi ki kai wani wuri. In kika bar shi a jikinta, abin da ya ci ta zai iya haɗawa da shi."

Ta nuna mini sau biyu, ta sa na yi a gabanta. Kalmar sirrin ba ta ba mu wahala ba, Baba ya rubuta ta a takarda ya manna a ƙarƙashin allon da yake buga rubutu a kai, har da kwanan wata. Da Yaya ta tafi sai aikin ya zama nawa. Duk Asabar in jona, in danna, in ɗauki tsintsiya. Kafin in gama shara da goge-goge da wanke butar Baba ya kusa ƙarewa. In cire, in mayar da lulluɓi daidai yadda na same shi, koren zaren yana kallon ƙofa, in naɗe ɗan akwatin a tsohon hijabina in sa a kwalin takalmin Sallah a ƙarƙashin gadona. Wata bakwai ina haka ba wanda ya gane. Amfanin zama yarinya mara magana kenan, ba a zarginki da komai.

To ga shi maganin damuwar Baba yana ƙarƙashin gadona, amma kafin in miƙa shi sai na amsa cewa wata bakwai ina taka dokarsa. Baba ba ya duka. Abin da yake yi ya fi duka: takarda yake ba ka da biro, ka rubuta dalilin da ya sa ka aikata abin da ka aikata, ka karanta a tsaye a gaban kowa, shi kuma yana gyara maka kurakurai. Na taɓa yi sau ɗaya a kan fasa kofi, muryata ta ƙi fita har tuwo ya huce.

Na ari wayar Mama na zagaya bayan kicin na kira Yaya.

"Alhamdu lillahi," ta ce da ta gama ji. "Ai sai ki kai masa."

"Ki kira shi ke ki faɗa masa."

"Ni ina nan nesa, takarda ba za ta iso ni ba. Ke ce a gida. Ko kin fi so ya je ofis ranar Litinin hannu biyu?"

Na koma na tsaya a tsakar gida. Ta taga na hango Baba ya ɗauko wani tsohon littafi yana ƙoƙarin rubuta lambobin fayil daga ka. Ya rubuta layi huɗu, ya soke biyu. Wannan sokewar ce ta gama da ni.

Daidai nan Mama ta miƙo mini faranti da jug ɗin zoɓo da kofi biyu, ta ce in kai wa su Kawu. Na biya ta ɗakinmu. Magana dai na san ba za ta fito ba, don haka na ɗora ɗan akwatin a farantin, tsakanin kofunan, da filas ɗin da Yaya ta ɗaure masa da roba ta ce na ranar wuya ne. Na shiga na durƙusa na ajiye.

Kawu ya kai hannu zai ɗauki kofi, ya tsaya. "Wannan fa? A gidan nan da faifai ake shan zoɓo?"

"Na kwamfutar Baba ne," na ce, idona a kan tabarma.

Ya jona shi a tasa, ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa. "Yallaɓai, ka san me ke cikin nan? Kwamfutarka ce sukutum. Ba takardu kaɗai ba, ita kanta."

Baba ya daɗe yana kallona. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ko yana fushi ba ya iya kiran sunan. "Uwata, wa ya ba da izini?"

"Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun tafiyar Yaya. Duk mako."

"Za mu dawo kan wannan," ya ce. Sannan ya juya ga Kawu da wata murya da ban san shi da ita ba. "Zai yi?"

"In Allah ya yarda. Amma sai an gwada ake sani."

Washegari bayan sallar Juma'a Kawu ya dawo da sabon faifai. Ya ɗaura shi, ya tayar da kwamfutar da filas ɗin, ya jona ɗan akwatina. Wani layi ya fito a fuskar, ya fara cika a hankali kamar randa a ƙarƙashin famfo mai ɗiga. Baba ya sa aka tayar da janareto duk da akwai wuta, wai don kada a ɗauke ana tsaka. Kawu ya ce ai ba a jona shi ba tukuna, ƙara kawai yake yi. Baba ya ce a bar shi ya yi ta yi, ya zama cikin shiri. Mama ta kawo farantin shinkafa bakin ƙofa tana tsinta, na lura tsakuwa ɗaya take ɗauka tana mayarwa. Sama da awa biyu muka yi a haka.

Da layin ya cika, kwamfutar ta kashe kanta ta kunna. Sai ga hoton masarar Baba ta Katabu ya cika fuskar, ga ƙananan alamomin nan a jere a gefen hagu yadda yake son su, ga folda uku a sahu kamar ba su suka jawo mana wannan tashin hankali ba. Baba ya ja kujera. Ya buɗe jerin, ya gangara har layin ƙarshe, ya haura, ya kira wata lamba daga ka ya neme ta ya same ta. Ya danna a buga shafin farko. Tsohuwar firintar ta yi tari, ta yi nishi, ta turo takarda.

"Ko ita ta gane gida," in ji Kawu.

Baba ya riƙe takardar da hannu biyu yana karantawa kamar wasiƙa. Can sai ya koma kan kwamfutar ya fara dube-dube, goshinsa ya tattare. "Ina jawabina?"

Ashe kusan mako huɗu da suka wuce, da ya gama jerin, ya shiga rubuta jawabin bankwana da zai karanta a taron ranar Litinin. Kawu ya duba ya ce kwafin ƙarshe na kusan mako huɗu da suka wuce ne, duk abin da aka yi bayansa ya tafi da tsohon faifai.

"Uwata, kin ce duk mako."

Na tashi na ɗauko wani ƙaramin littafin rubutu daga kwalin takalmin. Yaya ba ta ce in yi ba, ni dai na ga yadda Baba yake yi ne. Duk Asabar nakan rubuta kwanan wata, da lokacin da na fara, da lokacin da ya gama. Baba ya sa tabarau ya bi layi-layi da yatsa. A ƙasa akwai Asabar uku da na rubuta kwanan watansu na ja layi a gaba.

"Waɗannan ukun fa?"

"Ba ka je gona ba, Baba. Kana zaune a kanta."

Kawu ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari. Mama ta tambaya, ba tare da ta ɗago daga shinkafa ba, "Shafi nawa ne jawabin, Alhaji?"

"Ashirin da bakwai."

"Allah mai jinƙan bayinsa," ta ce a hankali.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya sake duba littafina daga farko, ya ciro jan biro daga aljihun gaba, ya rubuta "An gani" a ƙasan shafin, ya sa hannu. Maganar da ya ce za mu dawo kanta, har yau ba mu dawo ba.

Ranar Litinin ya miƙa jerin a ɗaure da bango mai kauri. Jawabi kuwa, da ka ya yi shi, minti biyar. Mama ta ce an tafa masa sosai, har wani ya ce bai taɓa jin jawabin ritaya mai daɗinsa ba. Baba dai ya tsaya a kan cewa da sun ji na shafi ashirin da bakwai ɗin da sun san an yi jawabi.

Yanzu da na girma nake da tawa kwamfutar, na gane abin da ranar ta koya mini. Kwafin da ke kwana ɗaki ɗaya da asalinsa ba kwafi ba ne, ɗan rakiya ne, tare za su tafi. Wanda aka kai waje ma iyakarsa ya mayar da kai ranar da ka ɗauke shi, duk makon da ka tsallake kai ka yafe shi. Ban taɓa jin wani ya yi nadamar awa ɗayan da ya ɓata yana ɗauka ba. Abin da ya fi tsaya mini kuma shi ne, aiki mai muhimmanci irin wannan bai kamata ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana yin sa a ɓoye ba. Da Baba ya san da shi, da ya tashi ya ba ni wuri, ko ya yi da kansa.

Wannan tunanin ne ya zo mini da yammacin Litinin ɗin. Muna zaune a tsakar gida ana buɗe kyaututtukan da aka ba shi, agogon bango har biyu, sai ya kira ni ya ce in faɗi abin da nake so. Mama ta matso ta raɗa mini, "Ce waya." Ni kuwa ina tuna cewa Yaya ta tafi, ni ma baɗi makarantar kwana za ni. Na shirya maganar a zuci kamar kullum, sai dai wannan karon ta fito tun kafin in gama shirya ta.

"Baba, ranar Asabar kar ka tafi gona da wuri. Ina so ka zauna a kujera, ni in tsaya a bayanka, ka yi shi da hannunka har sai ka iya."